Gafirin da Ya Rufe wa Kansa Ƙofa

Sodangi ƙanena ne, ciki ɗaya, kuma ba zan yi masa kwalliya don ya mutu ba. Gajere ne mai faɗin ƙirji, mai ƙarar murya, mai taurin kai. Tun yana yaro in an faɗa masa magana sai ya ce to, ya tafi ya yi abin da ya riga ya yanke a ransa. Ya tsare salla, bai ci haƙƙin kowa ba, bai taɓa ɗaga wa matarsa Rabi'atu hannu ba. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan, kuma ya isa.

Ƙauyenmu yana kudu da garin Hajj Abdalla, a bakin tur'a, wato magudanar da ke kawo ruwan kogi cikin gonakin Jazira. Kakanmu ya baro ƙasar Sakkwato da niyyar hajji, ya tsaya nan tsinkar auduga don ya ƙara guzuri, bai ƙara gaba ba. Babanmu ya yi ta cewa baɗi har aka binne shi. Sodangi ma ya gaji kalmar. Ni dai na yi sakandare a Madani, na koyar da 'yan mata har gwiwoyina suka ƙi, kuma tun da wuri na gane ba inda za mu.

Sodangi gafir ne, mai gadin ruwa. A hannunsa makullin ƙofar tur'a yake, wani dogon ƙarfe da yake saɓawa a kafaɗa ya hau jakinsa. Shi ke buɗe wa kowace hawasha ruwanta, wato gonar da aka yanka wa manomi, shi ke rufewa. Wanda gonarsa ke kusa da ƙofa ya sha ya ƙoshi, na can wutsiya kuwa sai abin da ya rage. Don haka rabin rayuwar Sodangi faɗa ne, kuma mafi yawansa da mutum ɗaya, Mato, wanda hawasharsa ce ta ƙarshe a layin. Sun zagi juna a gaban yara, sun zagi juna a ƙofar masallaci, da yamma kuma su zauna su sa hannu a akushi ɗaya. Ko da aka sallami gafirai daga aikin hukuma, manoma suka ce ya ci gaba, suna auna masa dawa in an yi girbi.

Abin da ya fi so a aikin shi ne rani. In an girbe alkama sai a rufe ƙofa ƙam, a bar tur'a ta bushe har lakarta ta tsattsage. Ciyawar da ta yi shekara tana shaƙe ruwa sai ta kwanta ta yi fari, a tattara a ƙone. Sodangi yakan tsaya a kan gaɓa, hannu a ƙugu, kamar wanda ya dawo daga yaƙi.

"Ku dube ta," yakan ce wa masu lauje. "Wata da watanni kuna sara, tana tohowa. Ni ruwa kaɗai na hana mata."

Tun yana saurayi yake tumbak, garin tabar nan da ake dunƙulawa a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Gwangwaninsa ba ya barin aljihu. Kullum ɓangare ɗaya yake sawa, na hagu, har wurin ya yi masa rami. A daminar 2013 wurin ya yi fari, sannan ya zama miki. Ya kurkure da gishiri, ya barbaɗa garin bagaruwa, mikin yana nan. Haƙori ya fara girgiɗi, ya je kasuwar Hajj Abdalla aka cire, ramin ya ƙi rufewa. Sai da kaluluwa ta fito masa a ƙarƙashin muƙamuƙi, mai tauri kamar tsakuwa, ba ta zafi ba ta motsi, sannan ya yarda mu tafi Madani. Ni na raka shi, don Rabi'atu in ta ga farar riga bakinta mutuwa yake yi.

Aka yanki ɗan nama daga bakinsa, aka ce mu dawo. Likitar da ta faɗa mana sakamako yarinya ce, Dakta Sabah, 'yar wani manomi daga Kamlin. Ba ta yi kwana-kwana ba. Ta ce sankara ce, ta fara daga dasashi, ta kama ƙashin muƙamuƙi, ta sauka wuya. Yanka ba zai yiwu ba a yadda take. Sai gashi da injin haske, tare da magani ta jijiya.

Sodangi bai girgiza ba. Tambaya ya yi, da Larabcinsa na bakin tur'a.

"Ya dakta, ni fa jikina ba raggo ba ne. Fartanya ta taɓa tsaga mani ƙafa har ƙashi, na ɗaure da tsumma ta warke. Tsargiya ta ci ni, zazzaɓi ya ci ni, duk na tashi. To me ya sa ɗan mikin nan ya gagari jikin?"

Akwai mutane cike a baranda suna jira, amma ta ajiye alƙalaminta.

"Ya Hajj," ta ce masa, kamar yadda suke kiran duk mai furfura, shi da bai taɓa ganin teku ba. "Jininka yana da sojoji, su suka warkar da ƙafar. A nan ma sun zo. An gan su a naman da muka yanka, sun kewaye ƙarin. Amma wannan ƙari mayunwaci ne. Sukarin da jini ke kawowa, zuƙe shi yake yi fiye da kowane lafiyayyen nama, kuma ba ya cinye shi da kyau. Ya ci rabi, ya zubar da sauran ya zama tsami. Sojojin nan kuwa su ma sai sun ci sukari suke iya faɗa. Sun zo sun tarar ba abinci, wurin ya yi tsami, iska ta yi ƙaranci. Sai su yi laushi. Suna tsaye, amma ba sa duka. Wasu ma juya su yake yi, su koma yi masa gadi."

"Sukari," in ji Sodangi.

"Na cikin jini. Ba na shayi kaɗai ba. Kisra, asida, tuwo, duk abin da ka ci jiki yana mai da shi sukari. Saboda haka ka saurare ni da kyau: ka ci. Ka ci fiye da da. Gashin nan yana da wuya, ba a yi wa wanda ya rame. Ina son ranar da layinka ya zo ka hau ma'auni in ga yadda kake yau."

"To," in ji shi.

Kafin mu bar asibitin sai da aka yi masa abin rufe fuska. Wata roba ce mai raga, a tsoma ta a ruwan zafi ta yi laushi, a shimfiɗa wa mutum daga goshi har kafaɗa, a danna ta bi hanci da gemu da wuya, ta sandare a haka. Da ita za a riƙa ɗaure kansa a jikin gado, don hasken ya riƙa sauka wuri ɗaya kullum. Mai aikin injin ya rubuta sunan Sodangi a goshin robar, ya ce dole ranar gashi ta zauna daram kamar yadda ta zauna yau. Sodangi ya fito yana zufa.

"Yaya Rukayya, sun rufe ni da rai, kuma sun ce kada in motsa."

Injin kuwa ba mu kaɗai ke jiransa ba. Mutane daga Sinnar, daga Damazin, daga Gadarif, wasu a kwance a ƙarƙashin itatuwan asibiti da tukwanensu. Aka ce mu koma gida, za a kira mu bayan Babbar Salla. Wanda layinsa ya zo bai shirya ba, sai a ba na bayansa, shi kuma ya koma ƙarshe.

Muna cikin mota har muka fara bin gefen tur'a. Sannan ya juyo.

"Yaya, kin ji abin da ta ce? Ci shika yi. Abin nan ci shika yi."

"Na ji. Na kuma ji ta ce kai ma ka ci."

"To."

Da muka sauka ya ciro gwangwanin tumbak ya wurga cikin ruwa, bai ƙara taɓawa ba. Kowa ya yaba. Kashegari ya ce wa Rabi'atu ta daina sa masa sukari a shayi, yana yi masa raɗaɗi a mikin. Mutumin da ke zuba sukari har cokali ya kusa tsayawa. Ba wanda ya yi gardama. Sai ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ya koma yau azumi gobe hutu. Wa zai hana dattijo mai ciwo neman kusanci da Ubangijinsa? Mutane cewa suka yi Sodangi ya tuba.

Rabi'atu ta ji umarnin likita daga bakina, ta ɗaura ɗamara. Ta sayar da tunkiyarta. Kullum sai ta dama madida, kunun nan mai kauri, da madara da dabino da man shanu. Ta dafa ƙwai, ta tace romo, ta tuƙa asida mai laushi wadda ba sai an tauna ba.

Sai dai a wurinmu maza ba sa cin abinci a cikin gida. Akwai rumfa a ƙofar masallaci, kowane gida ya fitar da tirensa can, maza su kewaye su ci tare, baƙo ma in ya biyo ya zauna. Mace ta dafa, tire ya fita, ya dawo wayam. Abin da ta sani ke nan. A rumfar kuma babu abin kunya kamar a ce kana kallon lomar wani. Kowa idonsa a kan gabansa. Tiren Rabi'atu ya yi ta fita yana dawowa a suɗe, tana ta hamdala.

Yana ramewa, muna gani. Muka ce ciwon ne.

Wata rana bayan la'asar na ji sallama a ƙofata. Mato ne, hularsa a hannu.

"Malama, kina ciki?"

"Ina za ni da waɗannan gwiwoyi? Shigo, in ba zagi ka kawo ba."

"Zagina na ƙanenki ne, ba ni ba kowa." Ya tsuguna nesa da tabarma, yana juya hular. "Madidar nan da Rabi'atu ka damawa. Mu ka shan ta."

"Ku wa?"

"Ni da Alhasan na bakin ƙofa da liman, da duk wanda ya zamna kusa. Shi hannunshi na shiga akushi, shi hito wayam. Shi kai baki, shi motsa gemu. Ranar da ba shi azumi ke nan. Ruwa kaɗai shika sha, sai ɗan romo in ya ga jiri."

"Tun yaushe?"

"Tun da kunka dawo Madani."

"Kuna gani kuka yi shiru?"

"Malama, wa ka kallon lomar dattijo? Ga shi da ciwo a baki. Mun ce zahi ne, in mun yi magana mun kunyata shi."

"Sai kuka shanye."

"Da daɗi kuwa, Allah shi gafarta muna."

Da safe na sa Mato ya kawo keken jakinsa, ya kai ni bakin ƙofar tur'a. Sodangi yana zaune a kan simintin, makullinsa a cinya, yana kallon ruwa.

"Tashi ka tsaya," na ce.

Ya tashi, ya dafa ƙarfen. Jallabiyarsa kamar an rataye ta a ƙusa. Wuyansa ya zama siriri, kaluluwar kuwa ta ƙara fitowa, ta samu ƙanwa a ƙasanta.

Ya dubi Mato. "Munahuki. Ka sha kunun matata, ka tahi ka kai ƙarata."

"Bar shi," na ce. "Ni za ka amsa wa. Me kake yi?"

Bai yi musu ba. Da ma Sodangi ba ya ƙarya in an tsare shi, sai dai ya yi bayani, kuma ya yi shi kamar yana koya wa sabon manomi ban ruwa.

"Yaya, ke kin yi boko, ni na yi ruwa. Da kunnenki kin ji, abin nan sukari shika sha, kuma komi na ci sukari ne. To mi za ni yi? In riƙa ɗura mai madida da dabino, shi yi ƙiba, shi yi ta zuba ma sojojina tsami? Na rufe mai ƙofa. Kahin su kira ni ya bushe ya kwanta, su kuma su sa wuta. Haka aka yi."

"Shekara nawa kana busar da tur'ar nan?"

"Kin hi ni sani."

"Wace shekara ce ciyawa ba ta dawo ba?"

"Tana dawowa. Amma tana ba ni damina guda. Ni ma damina guda nika nema."

Nan Mato ya kasa haƙuri. Ya diro daga keken.

"Kai jakin gafir! Shekarar da kogi ya yi ƙasa ka rage ƙofa, gonar wa ta ƙone? Dawar Alhasan na nan bakin ƙofa ta yi kore shar, tawa can wutsiya ta zama kara. In anka rage ruwa, na gaba ba shi jin komi, na baya ka mutuwa. Abin nan na bakinka a bakin ƙofa shike zamne! Sojojin naka su na wutsiya. Su ne Mato, wawa, su ne ni!"

Sodangi ya yi dariya har jini ya ɓullo a gefen leɓensa. Ya goge da hannun riga.

"Kai ko cikin jinina anka sa ka, ƙarar ruwa za ka kai."

Bai canza ba. Na sa liman ya gaya masa cewa mara lafiya ko farilla an ɗauke masa, balle nafila. Ya ce tsakaninsa da Allah ne. Rabi'atu, da ta ji wa ta yi ta ciyarwa, ba ta yi kuka ba. Ta zauna a bakin murhu ta daɗe, sannan ta ce daga yau a gabanta zai ci. Ya ce shi ba gawa ba ne da za a tsare shi cikin mata, in ya bar rumfa gari zai ce Sodangi ya ƙare. Muka tsare shi duk da haka, ni a ƙofar ɗaki, ita da kwano. Sai ya karɓi cokali biyu uku, ya ture, ya ce haɗiya tana yi masa zafi. A lokacin kuma maganar ta fara zama gaskiya. Ba mu ƙara iya rabe inda taurin kai ya tsaya da inda ciwo ya fara ba.

Bayan Salla aka kira mu. Ya yi aski, ya sa farar jallabiya, ya shiga mota da fara'a kamar mai zuwa karɓar kyauta. Shi a ransa ya gama rabin aikin.

An bar ni na tsaya a bakin ɗakin injin lokacin da za a gwada shi. Ya kwanta, mai aikin ya ɗauko robar mai sunansa ya kifa masa, ya danna maɓallan gefe. Sai ya tsaya. Ya zura yatsa tsakanin robar da kuncin Sodangi, yatsan ya shige. Ya zura biyu, suka shige. Ya ce masa ya juya kai, kan ya juya a ciki kamar ƙwallo a cikin ƙwarya. Mutumin ya kwance shi ya tafi kiran likita.

Dakta Sabah ta sa shi a ma'auni, ta duba, ta sa aka ɗebi jini. Da sakamakon ya fito ta kira mu ɗakinta.

"Ba zan iya sa ka ba, ya Hajj. Kanka zai motsa, hasken ya kauce ya ƙone inda ba ciwo. Roba ana iya sake ta. Amma jininka ya yi ƙasa, ƙarfinka ya tafi. In na ba ka maganin jijiya a haka, shi zai riga ciwon kashe ka. Me ya faru? Haɗiya ce ta gagara?"

Sai ya gaya mata. Bai ɓoye komai ba, har da ɗan alfahari a muryarsa, da tur'a da rani da ciyawa. Ta saurara har ya gama. Ba ta yi masa faɗa ba, ni da na so ta yi.

"Babana ma haka yake busar da tasu," ta ce. "Amma wannan ba ya azumi. Da ka hana shi ta baki, jikinka bai bar jini babu sukari ba, don ƙwaƙwalwa ba ta rayuwa sai da shi. Sai ya narkar da naman cinyarka da na kafaɗarka ya mai da su sukari. Ƙarin kuma shi ne na farko a layi. Ya ci ya ƙoshi, dubi yadda ya ƙaru. Sojojin ne suka zauna da yunwa, a kan yunwar da ya riga ya sa musu."

Sodangi ya dubi hannuwansa.

"To in na ci?"

"Zai ci."

"In na bari?"

"Zai ci ka."

"To ina ƙofar da zan rufe?"

"Babu ita. Abin da muke da shi injin nan ne, shi kuma da ƙarfi ake shigarsa."

A baranda akwai wata mata daga Damazin da gyale a naɗe a wuya, ita ce a bayansa. Muna zaune muka ji an kira sunanta. Ta tashi, ɗanta ya riƙe ta suka shiga. Sodangi ya bi ta da ido har ƙofar ta rufe. Sannan ya matso kusa da kunnena, ya ce da Hausa, a hankali:

"Kada ki gaya ma Mato."

A ranar aka zura masa siririyar roba ta hanci har ciki, aka liƙa ta a kumatu. Aka koya mani yadda ake ɗura abinci da babban sirinji, ni kuma na koya wa Rabi'atu. Aka sa sunansa a ƙarshen layi.

Yanzu kam yana son ci. Ban taɓa ganin mutum yana son abinci kamar yadda Sodangi ya so shi a watannin nan ba. Amma muƙamuƙinsa ya fara ƙagewa, bakin ba ya buɗuwa sai faɗin yatsa, maƙogwaron kuma yana ƙara tsukewa. Ya zauna a cikin gida, cikin mata, inda ya rantse ba zai zauna ba. Rabi'atu ta dama madara da ƙwai da gyaɗa da sukari, ta tace, ta ɗura. Shi kuma ya zuba wa sirinjin ido yadda yake zuba wa ruwa ido a bakin ƙofa. In ta yi sauri ya ɗaga hannu, in ta tsaya ya kaɗa yatsa. Ba ya jin ɗanɗanon komai. Ƙamshin miya in ya taso daga maƙwabta sai ya juya fuska bango.

Wata rana tana cikin ɗura masa ya riƙe hannunta, ya nuna sirinjin, ya nuna wuyansa.

"Rabin wanga nashi ne," ya ce, da ƙyar ake ji.

"To rabi naka ne," in ji ta. "Sake mani hannu."

Ya ɗan ciko, ba laifi. Da layinsa ya sake zagayowa, sanyi ya shigo, alkama ta yi kai. Aka yi masa sabuwar roba, 'yar ƙarama, ta zauna daram. Amma hoton da aka ɗauka ya nuna ƙarin ya naɗe babbar jijiyar wuya, ya kuma aika 'ya'yansa ƙirji. Dakta Sabah ta ce gashin da ake yi don warkewa ya wuce. Za ta ba shi ɗan gajere, don rage zafi da zubar jini. Ya shiga ƙarƙashin injin da ya yi wata da watanni yana jira, ya kwanta a ɗaure bai motsa ba, kamar yadda aka ce. Mako bai cika biyu ba aka sallame mu.

Ban gaya wa Mato komai ba. Ba sai an gaya masa ba, kuma ko sau ɗaya bai ce ai na faɗa ba. Kullum da hantsi sai ya yi sallama ya shigo har tsakar gida, abin da bai taɓa yi ba, da kofin shayi mai sukari kamar zuma. Ya tsoma yatsa ya shafa wa Sodangi a leɓe.

"Lasa, ɗan banza. Na wutsiya sunka aiko."

Sodangi a lokacin magana ta ɗauke. Sai ya ɗaga hannu a hankali, ya ware yatsu biyar, ya yi masa daƙuwa. Mato ya ce, "Uwaka kai ma," ya sake tsoma yatsa.

An girbe alkama, wanda manoma suka ba makullin ya rufe ƙofa, tur'a ta bushe. Sodangi bai je ya gani ba, bai kuma nuna yana so a kai shi ba. Ya rasu cikin zafin nan, bayan azahar, Rabi'atu tana wanke sirinji. Mato ne ya yi masa wanka. Da ya fito ya ce da hannu ɗaya ya juya shi. Daminar da ya nema ta zo, bai gan ta ba.

Ban san ko da ya ci zai warke ba. Na tambayi Dakta Sabah, ta ce ita ma ba ta sani ba, irin wannan ciwo yana kashe masu ci da marasa ci. Abin da ta sani shi ne layinsa na farko ya zo lokacin da akwai abin yi, na biyu ya zo babu.

Rabi'atu ba ta ƙara dama madida ba, ko da azumi. Kwanakin zaman makoki mata suka yi ta tuƙa asida, ana fitar da tire zuwa rumfa. Ina zaune a bakin ƙofa ina kallo suna dawowa a suɗe. Har yau haka suke dawowa, kuma har yau babu macen da ta san wanda ya ci.